Imam Abul Hasan Al-Ash'ari da Tambayar Wahala da Sharri

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ɗalibai sukan tambaya: in akwai Mahalicci mai rahama, ina dalilin cuta da yunwa da mutuwar yara ƙanana? Tambayar ta daɗe, kuma ita ce ta sauya rayuwar malamin da za mu kawo tarihinsa.

Sunansa Aliyu ɗan Isma'il, ana masa alkunya da Abul Hasan. Nasabarsa tana komawa ga sahabi Abu Musa Al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 260 bayan Hijira. Ya tashi a gaban Abu Aliyu Al-Jubba'i, shugaban Mu'utazilawan Basra, ya zauna a kan mazhabarsu har ya kai shekara 40.

A wancan zamani mutane sun rarrabu a kan wannan mas'ala. Majusawa sun ce masu halitta biyu ne, ɗaya na alheri, ɗaya na sharri. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazilawa kuwa sun so kare adalcin Allah, sai suka ce bawa ne ke halittar aikinsa, kuma wajibi ne a kan Allah Ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa maslaha.

Malaman tarihi, cikinsu har da Ibn Khallikan, sun ruwaito cewa Ash'ari ya tambayi malaminsa makomar ƴan'uwa uku: ɗaya ya mutu mumini, ɗaya kafiri, ɗaya tun yana yaro. Jubba'i ya amsa cewa na farko yana cikin darajojin Aljanna, na biyu yana wuta, yaron kuma ya tsira amma bai kai matsayin yayansa mumini ba, don bai yi aiki ba. Ash'ari ya nemi sanin amsar da za a ba yaron in ya kawo uzurin cewa ba a bar shi ya rayu ba. Jubba'i ya ce za a sanar da shi cewa Allah Ya san in ya girma zai saɓa, don haka mutuwar ce maslaharsa. Sai Ash'ari ya kawo kukan kafirin, wanda shi ma Allah Ya san makomarsa amma bai ɗauke shi yana yaro ba. A nan malamin ya rasa amsa.

Wajen shekara ta 300, ranar wata Juma'a, Ash'ari ya hau mumbari a masallacin Basra, ya shelanta fita daga aƙidar Mu'utazila. Daga baya ya koma Bagadaza, ya wallafa littattafai, daga ciki akwai Maƙalatul Islamiyyin, da Al-Luma'u, da Al-Ibana wanda a cikinsa ya bayyana bin tafarkin Imam Ahmad ɗan Hanbal.

Abin da ya tsaya a kai shi ne: Mahalicci ɗaya ne, alheri da sharri duka da ƙaddararSa suke aukuwa, kuma babu wanda ke wajabta wa Allah wani abu. Zalunci shi ne ƙetare iyakar da wani na sama ya gindaya, ko taɓa abin da ba naka ba, Allah kuwa babu kowa a samanSa, kuma komai mallakarSa ne. Duk da haka bawa yana da kasabi, wato aikin da ya yi da nufinsa nasa ne, a kansa za a yi masa hisabi. Saboda haka azzalumi ba shi da mafaka a cikin ƙaddara.

Ya rasu a Bagadaza a shekara ta 324. Baƙillani da Juwaini da Gazali sun ginu a kan karantarwarsa, haka ma Sanusi mai Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukanmu.

Ya ƴan'uwa, wanda ya tilasta wa Allah ma'aunin hankalinsa da wanda ya musanta Mahalicci don ya ga wahala, kuskurensu ɗaya ne: kowannensu yana zaton ya kewaye sanin maslaha. Annabi Musa ma bai gane hikimar huda jirgi da kashe yaro ba sai da Halliru ya yi masa bayani, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Rashin sanin hikima ba hujja ba ce a kan babu ta. Mai jinya ya nemi magani, mai hali ya ciyar da mayunwaci, a hana azzalumi zaluncinsa, abin da ya fi ƙarfinmu kuma mu yi haƙuri mu mayar ga Mai shi.

Allah Ya jiƙan Imam Abul Hasan, Ya yaye wa musulmi damuwarsu. Allah ne Mafi sani.