Abdullahi ɗan Fodiyo: Jarumin da ya bar fagen yaƙi don gudun duniya

A watan Oktoban 1807, rundunar masu jihadi ta ɗaura ɗamarar yaƙar Alƙalawa, babban birnin Gobir. Ana cikin tafiya sai ɗaya daga cikin manyan jagororinta ya ware daga cikin jama'a, ya shiga daji tare da abokansa biyar, ya fuskanci gabas.

Ba tsoron abokan gaba ne ya kore shi ba, domin shi ne ya ja ragamar rundunar da ta fatattaki Sarkin Gobir Yunfa shekara uku kafin nan. Abin da ya kore shi yana cikin sansaninsu ne: kwaɗayin mulki da dukiya da ya ga ya fara cin zukatan mutanen da suka fito da sunan gyara.

Wannan mutumin shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu.

Yaro a hannun wansa

An haifi Abdullahi a wajajen 1766, kimanin shekara 12 bayan haihuwar Shehu. Ya yi karatun Alƙur'ani a wajen mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi a hannun wansa.

A wajen Shehu ya karanci Ishiriniya da nahawu da fiƙihu da tauhidi. Ya kuma yi karatu a wajen wasu malaman, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma Shehu almajirinsa ne. Daga baya Abdullahi ya rubuta littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da abin da ya ɗauka daga kowannensu.

Jama'ar da ta taru a Ɗegel ba ta dattawa zalla ba ce. Akwai samari da yawa a cikinta, almajirai masu zafin neman ilimi da ke bin Shehu zuwa yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara. Abdullahi na daga cikin na gaba-gaba. Da wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki yadda mata ke halartar wa'azin, Abdullahi ne Shehu ya umarta ya mayar da martani, ya kuwa kare karantar da mata da hujjar cewa barin su cikin jahilci ya fi muni.

Darasin Magami

A wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Sallah, ya yi musu kyauta mai tsoka. Shehu ya ƙi karɓar tasa. A maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Abdullahi yana wurin, yana saurayi ɗan shekara 22 ko kusa da haka. Ya ga yadda ƙin karɓar zinariyar sarki ya ba malami bakin faɗar abin da wanda ya karɓa ba zai iya faɗa ba. Duk wanda ya bi sawun rayuwarsa zai ga bai taɓa mantawa da wannan rana ba.

Daga Gudu zuwa Alwasa

Da zama ya gagara tsakanin Jama'a da Gobirawa, an yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yunin wannan shekara ya jagoranci yaƙin Tafkin Kwatto, inda aka ci rundunar Yunfa duk da cewa ta fi su yawa da kayan yaƙi.

Sai dai nasarar ta zo da tsada. A ƙarshen 1804 an yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, daga ciki har da mahaddatan Alƙur'ani kusan 200. Waɗannan su ne mutanen da suka yi shekaru suna zaune gaban Shehu, suka san dalilin fitowar.

A 1805 Abdullahi na cikin waɗanda suka jagoranci cin Birnin Kabi, Jama'a kuma ta koma Gwandu da zama. Yawan mayaƙa ya ƙaru, amma ba kowa ne ya shigo don abin da na farko suka fito dominsa ba. Kafin yaƙin Alwasa a ƙarshen shekarar, mayaƙa sun afka wa garin Kwalde, wanda ba ya gaba da su, suka washe shi. Abdullahi da Muhammadu Bello sun yi ƙoƙarin hana su, abin ya faskara. Ba a jima ba aka karya rundunar a Alwasa, aka sake rasa ɗimbin mutane.

Abin da ya gani

A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, Abdullahi ya bayyana halin da ya shiga. Yawancin abokansa na ƙwarai sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka maye gurbinsu kuwa, a ganinsa, hankalinsu ya koma kan sarautar garuruwa, da tara ƙwaraƙwarai, da tufafin alfarma, da dawakan ƙawa, da cin hanci, da kaɗe-kaɗe. Masallatai da makarantu an yi musu riƙon sakainar kashi.

Wani abin lura shi ne bai cire kansa daga zargin ba. Ya ji tsoron cewa shi ma guguwar za ta iya kwashe shi. Don haka ya yanke shawarar barin komai ya nufi Makka da Madina.

Shi da abokansa biyar sun kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Daga nan suka fito cikin garuruwa, suka yi ta tafiya har Kano.

Kano ta tare shi

Kano ba ta daɗe da shiga hannun masu jihadi ba, Malam Sulaimanu ne ke riƙe da ita. Mutanen birnin suka hana Abdullahi wucewa, suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da al'umma bisa shari'a.

A nan ya tarar da irin abin da ya guje wa a gida. An kawar da tsohuwar sarauta, amma sababbin shugabanni sun shagala da abin duniya, kansu ya rabu. Ciwon da ya baro a yamma ya riga shi isa gabas.

Ya zauna ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya shimfiɗa haƙƙoƙin da ke kan shugaba, da aikin waziri da alƙali, da hanyoyin da dukiyar baitulmali ke shiga da fita. Ya ruwaito cewa mutanen sun tuba, har suka farfasa kayan kiɗa suka mayar da itatuwansu mazubin abincin dawaki.

Daga Kano bai ci gaba zuwa gabas ba. Ya juya ya koma Gwandu, kuma har ya bar duniya bai samu zuwa Makka ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A ƙarshen shekarar Malam Musa ya ci Zazzau, masarautar da ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan ke ƙarƙashinta har gobe.

Wani ɗan sarki a ƙasar Indiya

Labarin mai iko da ya juya wa iko baya bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Kimanin shekara 2,500 da suka wuce, an haifi Siddhartha Gautama a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu. Ɗan gidan sarauta ne. Mabiyansa sun ruwaito cewa yana da shekara 29 ya bar fada da matarsa da ɗansa, bayan ya ga tsoho da majinyaci da gawa, ya gane cewa daula ba ta kare kowa daga waɗannan.

Ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa, daga baya ya gane cewa wannan ma ba mafita ba ce, ya zaɓi tsaka-tsaki. Shi ne aka sani da Buddha. Wa'azinsa na farko ya yi shi ne a Sarnath, kusa da Varanasi, ga tsofaffin abokan tafiyarsa, su ma biyar.

Jigon koyarwarsa shi ne tushen wahalar ɗan Adam kwaɗayi ne. Kalmar da aka yi amfani da ita a harshen Pali ita ce tanha, ma'anarta ƙishirwa. Mutum ya so abu, ya samu, ya maƙale masa, alhali babu abin da ke dawwama. In abin ya gushe sai baƙin ciki, in bai gushe ba sai neman ƙari. Bahaushe ma ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Aƙidar Buddha da ta Musulunci sun sha bamban nesa ba kusa ba, kuma babu wata alaƙa ta karatu tsakanin mutanen biyu. Zuhudun Abdullahi ya ginu ne a kan tsoron Allah da tanadin lahira, kamar yadda malaman Musulunci irin su Imamu Gazali suka karantar. Akwai kuma bambanci a inda kowannensu ya ƙare. Buddha bai koma kan gadon sarauta ba, ya kafa jama'ar masu zaman kaɗaici da ke rayuwa da sadaka. Abdullahi kuwa ya koma tsakiyar abin da ya gudu daga gare shi, ya ɗauki nauyin mulki, yana yaƙi da son zuciya daga ciki.

Mulki da alƙalami

A 1812 Shehu ya raba ragamar gudanarwa gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga kusa da Sifawa. Ko a lokacin bai sassauta ba. Ya yi tsayin daka a kan cewa kada shugabancin Musulmi ya rikiɗe ya zama sarautar gado da ado da tambura. Ra'ayinsa kan sunayen sarauta da tufafi da kiɗa ya fi na Shehu tsauri, har suka yi musayar hujjoji a rubuce, ba tare da zumunci ya taɓu ba.

Mulki bai raba shi da alƙalami ba. A 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961. Ya kuma rubuta taƙaitaccen tafsiri mai suna Kifayatu Du'afa'is Sudan saboda masu ƙaramin karatu, da Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, da wasu da dama a kan tsarkake zuciya.

Jarrabawa mafi wuya

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Kafin Abdullahi ya iso, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ruwayoyin tarihi sun nuna cewa da ya zo ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya koma. Shi ne babba a shekaru, shi ne wazirin Shehu, kuma babu wanda ke shakkar iliminsa. Abin ya yi masa ciwo, dangantaka ta yi sanyi tsakaninsa da ɗan wansa na wasu shekaru.

Wannan ɓangare na rayuwarsa ne ya fi nuna shi a matsayin ɗan Adam. Mutumin da ya taɓa barin runduna don gudun mulki, ga shi an tsallake shi ya ji zafi. Barin abin da ke hannunka da kanka daban, a hana ka abin da kake ganin ka cancanta daban.

Yana da mabiya da mayaƙa, amma bai ɗaga takobi a kan Bello ba. Da 'yan tawaye suka yi sansani a Kalambaina suka matsa wa Gwandu, Bello ya kawo masa ɗauki. Bayan an ci garin suka haɗu, Abdullahi ya amince da shugabancin Bello, ya kuma miƙa wa Giɗaɗo ɗan Laima rigarsa, alamar ya sallama masa waziranci. Da a ce ya zaɓi jayayya, da daular da ba ta kai shekara 20 da kafuwa ba ta dare gida biyu.

Daga nan ya bar yawancin hidimar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1829 yana da shekara 60 da 'yan kai, a can kuma kabarinsa yake.

Abin da ya rage wa matasa

Duk wanda ya san ƙungiyoyin matasa a garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi ya san yadda labarin yakan kasance. Samari su haɗu da kyakkyawar niyya: gyaran maƙabarta, yashe magudanar ruwa kafin damina, karo-karo don majinyaci, darasin dare ga ƙannensu. Lokacin da asusu ba komai, kai a haɗe yake. Ranar da kuɗi ya shigo, ko kakar zaɓe ta kawo babura da buhunan taki, ko aka zo zaɓen shugaba, a ranar ake gane wanda ya zo don aiki da wanda ya zo don rabo.

Rayuwar Abdullahi ba ta ce kada manomin rake a Maƙarfi ya nemi riba ba, ko mai tumatir a Kudan ya ƙi kasuwa. Shi kansa ya riƙe ƙasa, ya ja runduna, ya yi iyali. Abin da ta nuna shi ne haɗarin da ke tattare da nasara ya fi na wahala, domin jama'ar da Tsuntsuwa ba ta rusa ba, ganima ta kusa rusa ta. Ta kuma nuna cewa sauya gari ba ya maganin ciwon, tunda abin da ya baro a Gwandu shi ya tarar a Kano.

A yau fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi, zuriyarsa ce kuma ke kan gadon. Amma ba a san Abdullahi da yawan dawaki ko girman gida ba. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne littattafan da ya rubuta, waɗanda har yanzu ake buɗewa a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Zariya.