Waziri Ahmadu Mai Shahada

'Yan uwa ɗalibai, a aji mun haddace cewa Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Amma yaƙin Kanawa bai ƙare a bakin ganuwa ba. Ya ƙare ne bayan mako uku, can nesa a ƙasar Zamfara, kuma wanda ya ja ragamarsa shi ne Wazirin Kano Ahmadu.

Ahmadu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. A lokacin Basasa, wadda ta ɓarke a 1893, yana cikin 'ya'yan Abdullahi da suka ƙi yi wa Sarki Tukur mubaya'a, suka fice zuwa Takai bayan Yusufu. Da Yusufu ya rasu aka ɗora ɗan'uwansu Alu, shi kuma da ya hau gadon sarauta ya naɗa Ahmadu Waziri. Ke nan tun kafin Turawa su iso, mutumin ya san ƙurar yaƙi.

A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan na cikin hujjojin da Lugga ya kafa. A watan Janairun 1903 Sarki ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawakai masu yawa, har da Waziri. Suna can rundunar Kanar Molan ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta shiga birni. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana faɗa.

Labari ya iske ayarin a hanyar dawowa. A Birnin Goga, cikin dare, Sarki Alu ya sulale ya yi arewa. Gari ya waye, ga dubban mutane, ba sarki, ba gida. Ku ɗan tsaya ku auna wannan safiyar: iyalanka na hannun baƙi, shugabanka ya tafi, kowa kai yake kallo. Kai ya rabu biyu. Wambai Abbas ya ga a koma Kano a sasanta. Waziri Ahmadu ya ƙi miƙa wuya.

A ƙarshen Fabrairu suka yi karo da sojan Laftanar Rayit kusa da Kwatarkwashi. A lissafin Turawa, su hafsa biyu ne da soja 44, yawancinsu baƙar fata, Kanawa kuwa mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Sojan suka sauka daga dawakai, suka tsaya kusurwa huɗu, bindiga na kallon ko'ina. Wajen awa biyu mahayan Kano suna kai sukuwa da takobi da mashi, harsashi na zubar da su kafin su isa. Nan Waziri ya faɗi. Dakarun da suka mutu tare da shi, talakawa irin kakanninmu, ba wanda ya rubuta sunansu.

Rayit ya sami lambar jarumta mafi girma ta Ingila saboda wannan rana. Abbas ya zama Sarkin Kano. Alu aka kama shi, ya rasu a Lakwaja a 1926. Ahmadu kuwa Kanawa suka sa masa suna Mai Shahada. Wanda duk ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau zai ga dutsen Kwatarkwashi daga cikin mota.