Grace Hopper: Malamar lissafi da ta sa kwamfuta ta ji harshen ɗan Adam

An haifi Grace Hopper a birnin New York na Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Ta sami digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, tana kuma koyarwa a Kwalejin Vassar har Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama. A 1943 ta shiga rundunar ko-ta-kwana ta sojin ruwa, aka tura ta Jami'ar Harvard ta yi aiki da katafariyar na'urar Mark I.

Bayan yaƙi ta koma kamfanin da ya ƙera kwamfutar UNIVAC, inda a 1954 aka naɗa ta shugabar sashen tsara manhaja. A wancan zamani da lambobi zalla ake ba na'ura umarni, aikin da sai ƙwararrun masana lissafi. Ita kuwa ta dage cewa akawu da mai lissafin albashi su ma sun cancanci rubuta umarni da kalmomin da suka saba da su, na'urar ta fassara wa kanta. Manyanta sun daɗe suna ɗari-ɗari da shawarar. Ba ta tsaya jayayya ba, ta sa ma'aikatanta suka ƙirƙiro harshen FLOW-MATIC, wanda ya zama tubalin harshen COBOL a 1959. Har yau bankuna da dama a duniya da shi suke riƙe asusun jama'a.

Ta yi ritaya a 1966, amma shekara na zagayowa rundunar ta sake kiranta. Kowane reshe yana amfani da nasa salon COBOL, manhajar wani ofis ba ta aiki a kwamfutar wani. Aikin wata shida aka ce, sai ga shi ta kai 1986. Dabararta ita ce tsara gwaje-gwajen da ke tabbatar da cewa kayan kowane kamfani sun bi ƙa'ida guda.

Ta iya bayani ƙwarai. Takan raba wa manyan hafsoshi guntun waya mai tsawon kimanin santimita 30, wato iyakar tafiyar haske cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, don su gane abin da ke jinkirta saƙon tauraron ɗan Adam.

Ta ajiye kaki tana da shekara 79, da muƙamin Riya Admiral. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.