Kawusan, Ba'abzinen da ya tsare Agadas

An haifi Kawusan wajen 1880 a ƙasar Damargu, maƙwabciyar Dakwaro ta gabas, cikin Buzayen Ikazkazan. Yana saurayi Faransawa suka mamaye ƙasar, suka aza bodo, suka dinga karɓe raƙuman ayari da sunan aikin bariki. Kawusan ya ƙi zama. Ya bi masu hijira zuwa Kanem, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya yi shekaru yana yaƙi a Barku da Fazzan. Can ya koyi sarrafa igwa da bindiga mai ruwa, kayan da aka ƙwato daga hannun Italiyawa.

A watan Disamba na 1916 ya sauko Abzin da rundunarsa. Sarkin Abzin, Tagama, wanda Nasara suka ɗauka amininsu ne, ashe tun tuni bakinsu ɗaya da shi. Suka kewaye barikin Agadas kusan wata uku, sojan kaftin Sabatiye na ciki, ba shiga ba fita. Ba ƙaramar wayo ba ce ta Tagama, mutum ya yi shekaru yana gaida kwamanda da safe, da dare yana aika wasiƙa Fazzan.

Ranar 3 ga Maris 1917 taimako ya iso daga Damagaram, Ingilishin Nijeriya kuma suka ba da nasu hannu. Ramuwar ta yi muni: aka kashe malamai da dama a Agadas, aka kwashe dabbobi, aka tada ƙauyukan Abzin, jama'a da yawa suka gangaro kudu. Kawusan ya ja da baya yana faɗa har Fazzan, inda abokan gabansa na can suka rataye shi a Murzuk cikin 1919. Tagama kuwa aka kashe shi a kurkukun Agadas cikin 1920.

Takardun Nasara sun rubuta shi ɗan fashi. Bayan mulkin kai na 1960 gwamnatin Nijar ta sa shi cikin littattafan lakkwal a jerin jaruman ƙasa, ƴan tawayen Abzinawa na shekarun 1990 su ma suka ce kakansu ne. Irin haka ta faru a Bolibiya ga Tupak Katari, ɗan ƙabilar Aimara da ya tsare birnin La Paz a 1781, Sipaniyawa suka yi gunduwa-gunduwa da shi, a 2013 kuma aka harba tauraron ɗan Adam ɗin ƙasar mai ɗauke da sunansa. A Agadas, gidan da aka gina wa Kawusan kusa da babban masallaci ya zama otal.