Georg Ohm: Ɗan maƙerin da ya gano lissafin wutar lantarki

Duk wanda ya koyi aikin wuta ko gyaran waya ya ji kalmar "om", ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa lantarki. Kalmar sunan mutum ce, Georg Simon Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe da bincikensa ya fara jawo masa talauci kafin ya jawo masa suna.

An haifi Ohm ranar 16 ga watan Maris na 1789 a garin Erlangen na ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa maƙerin kwaɗo da makulli ne wanda ya koya wa kansa lissafi, ya kuma koyar da ƴaƴansa a gida. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 10. A 1805 ya shiga jami'ar garinsu, amma rawa da wasanni suka ɗauke masa hankali, har uban ya fusata ya tura shi ƙasar Suwizalan. A can ya yi koyarwa, ya ci gaba da karatu shi kaɗai, sannan ya dawo ya sami digirin dakta a 1811.

Digirin bai kawo masa kujerar farfesa ba. Ya yi ta koyarwa a kan ƙaramin albashi, har a 1817 ya sami aiki a wata makarantar sakandare a birnin Kolon, mai ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki. A nan sana'ar gado ta yi masa rana, domin da hannunsa yake haɗa yawancin kayan gwajinsa.

Matsalar lokacin ita ce batir: ƙarfinsa na sauyawa ana cikin awo. A 1826 Ohm ya koma ga wata dabara. Ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar kuma a ƙanƙara. Bambancin zafin ya ba shi wuta mai ƙarfi daidai, ba hawa ba sauka. Ya riƙa canza wayoyi masu tsawo daban-daban, yana duba yadda allurar maganaɗisu ke karkata.

Abin da ya gano abubuwa uku ne masu ɗaure da juna: ƙarfin da ke tura wuta, wanda ake aunawa da bolt, mai alamar V, yawan wutar da ke gudu a waya, wato amfer, mai alamar A, da turjiyar wayar. A raba bolt da amfer, sai a sami turjiya. Idan ƙarfin turawa ya ninka, wutar da ke gudu ma ta ninka, muddin turjiyar ba ta canza ba.

Ƙarfin aikin na'ura kuwa, wanda ake rubutawa da W, wato wat, ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfer. Dutsen guga da ke jan amfer 5 a layin bolt 220 yana cin wat 1,100, turjiyarsa kuma om 44 ce. Fanka mai wat 60 da ke aiki da batirin sola na bolt 12 ita ma amfer 5 take ja, duk da ƙarancin cinta. Shi ya sa wayar batir take bukatar kauri. Siririyar waya ta fi turjiya, kuma idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau biyu, zafin da take yi yana ninka sau huɗu. Ta haka robar waya ke narkewa, gobara ta tashi a ɗaki ko a shago.

A 1827 Ohm ya buga littafinsa a Berlin, yana fatan zai buɗe masa ƙofar jami'a. Malamai da yawa a Jamus suka yi biris da shi. Wasunsu ba su saba da bayanin lantarki ta hanyar lissafi ba. Ohm ya ajiye aikinsa na Kolon, ya shafe shekaru yana ƴar koyarwa a makarantar soja a Berlin don ya ci abinci. Sai a 1833 ya sami aiki a kwalejin fasaha ta Nuremberg.

Girmamawa daga waje ta fara zuwa. A 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. Ya koma birnin Munik a 1849, kuma a 1852 ya zama farfesan kimiyyar fiziks a jami'ar birnin, yana da shekara 63. Shekara biyu kawai ya yi a kujerar da ya daɗe yana nema, ya mutu ranar 6 ga watan Yuli na 1854, bai taɓa aure ba.

A 1881 babban taron masana lantarki na duniya a birnin Paris ya amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya, shekara 27 bayan mutuwarsa.