Ferdinand de Lesseps: ya ci nasara a Suwez, Panama ta kayar da shi

 Da yawa cikinmu ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da wani ƙaton jirgin dakon kaya mai suna Ever Given ya gitta a mashigin ruwan Suwez na ƙasar Masar, ya toshe shi har kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko suna jira. To, wannan mashigi ba kogi ba ne da Allah ya halitta a wurin. Haƙa shi aka yi cikin rairayi. Yau za mu ba ku tarihin mutumin da ya tsaya kai da fata har aka haƙa shi, wani Bafaranshe mai suna Ferdinand de Lesseps.

Abin da zai ba ku mamaki, mutumin nan ba injiniya ba ne. Bai karanci gini ba, bai karanci haƙa ba. Ɗan jakadanci ne, baki gare shi da iya shiga ran manya. An haife shi ran 19 ga Nuwamba 1805 a Versailles, kusa da Paris, kuma aikin gidansu ya gada, don mahaifinsa ya taɓa zama ƙaramin jakadan Faransa a Masar. A 1832 shi ma aka tura shi Iskandariya. Da jirginsu ya iso sai aka killace su saboda tsoron annoba, kuma cikin zaman jiran nan ne aka miƙo masa wani tsohon rahoto na injiniyan Napoleon, a kan yadda za a haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya. Masu awo na wancan zamani sun yi kuskure, sun ce Maliya ta fi Bahar Rum tudu da kusan mita goma, wai in aka haƙa, ruwa zai cinye ƙasa. Sai daga baya aka sake awo aka ga tekunan biyu kusan daidai suke. Amma tun daga ranar maganar ta zauna masa a rai.

A Masar ɗin ya yi wani sabo da ya zame masa jari. Mai mulkin ƙasar, Muhammadu Ali, yana da ɗa mai suna Sa'id, yaro ne mai ƙiba, uban ya matsa masa da motsa jiki da rage ci. Ana ba da labarin cewa yaron kan sulale gidan Lesseps a dafa masa makaroni a ɓoye. Ko yaya ne dai, aminci ya ƙullu.

Daga nan ya yi aiki a Sifen da wasu wurare. A 1849 gwamnatinsa ta aike shi sasanci birnin Rum, ta kuma juya masa baya, ya bar aiki ya koma gona. A 1853 matarsa da ɗansa guda suka rasu. Mutum ne da kowa ke ganin tasa ta ƙare.

Sai ga shi a 1854 an kashe Abbas mai mulkin Masar, sarauta ta faɗo a kan Sa'id, yaron nan na da. Lesseps bai yi wata-wata ba ya hau jirgi. Ya sauka farkon Nuwamba, kafin watan ya ƙare, ran 30, yana riƙe da takardar izini. Ku dubi abin da ke ciki: kamfanin zai riƙe mashigin shekara 99 daga ranar buɗewa, masu hannun jari su ɗauki kashi 75 cikin 100 na riba, waɗanda suka kafa kamfanin kashi 10, Masar mai ƙasar kashi 15. An ƙara masa da filaye, sannan aka yi alkawarin ba shi ma'aikata. Mu dai a ganinmu, ciniki irin wannan sai tsakanin wanda ya san abin da yake so da wanda kunyar aboki ta hana shi karanta takarda.

Ingila ta ƙi abin ƙememe, don tana tsoron Faransa ta zauna mata a kan hanyar Indiya. Ta yi ta zuga Sarkin Santambul, wanda Masar ke ƙarƙashinsa a lokacin, kada ya sa hannu. Manyan bankuna suka noƙe. Lesseps sai ya bi ta wata hanya, ya shiga gari-gari yana lacca, yana tallar hannun jari ga talakawa. A 1858 aka fitar da hannun jari 400,000, kowane ɗaya faran 500 na kuɗin Faransa na wancan zamani, wanda ba a haɗa shi da sefa tamu ta yau. Faransawa suka sayi fiye da rabi kaɗan. Ragowar da ta yi kwantai ya ɗora wa Sa'id, har hannun jarin da ke wuyansa suka kai kusan 177,000. Ran 25 ga Afrilu 1859 aka sara ƙasa a wurin da ya zama garin Bur Sa'id.

A nan ya kamata mu dakata, don nan ne labarin ya shafi talaka. Shekarun farko da hannu aka yi haƙar. Gwamnatin Masar kan kwaso manoma daga ƙauyukan bakin kogin Nilu, wajen mutum 20,000 a kowane wata, a kai su tsakiyar hamada, su sari ƙasa da fartanya, su kwashe ta a kwando, wata ya cika a kawo wasu. Gonakinsu na can ba mai nomawa. Ruwan sha kuwa a bayan raƙuma ake kawo shi, sai da aka haƙo wata ƙaramar hanyar ruwan daɗi tun daga Nilu aka samu sauƙi. Dattawanmu da suka ji labarin aikin tilas na zamanin Nasara, wanda ba a soke ba a ƙasashenmu sai a 1946, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Mutum nawa suka mutu? Shugaba Gamal Abdel Nasser ya ce 120,000. Masana tarihi da yawa na ganin adadin bai kai haka ba. Abin da ba gardama a kai, an mutu da yawa, kuma kwalara ta shiga sansanonin ma'aikata a 1865.

Sa'id ya rasu a 1863, Isma'il ya gaje shi, ya ce a daina kwasar manoma. Ingila ma ta yi ta kururuwa a kan bautar da mutane, ko da yake ba tausayin manoman ne kaɗai ya dame ta ba. Aka kai ƙara, kuma wa aka ba alƙalanci? Sarkin Faransa Napoleon na Uku, wanda matarsa Eugénie ƴar uwar Lesseps ce ta wajen uwa. A 1864 ya yanke cewa Masar ta biya kamfanin diyyar faran miliyan 84, saboda janye ma'aikata da karɓe wasu filaye. Wato an kwashi mutanenka, ka ce a bari, kai ne kuma da biyan tara.

Da kuɗin nan aka kawo injuna masu aiki da tururi, kuma su ne suka gama aikin. Injiniyoyi biyu, Borel da Lavalley, suka ƙera manyan jiragen yasa. Ku ɗauka kamar yasar rijiya ce, sai dai maimakon guga ɗaya, jerin gugayen ƙarfe ne a jikin sarƙa. Ana hura gawayin kwal a ƙarƙashin tukunyar ruwa, ƙarfin tururin ya juya sarƙar, gugayen su nutse su kwaso laka da yashi, su juye cikin wani dogon indararo da ke zubarwa can bayan gaɓa. Ba gajiya, ba zazzaɓi. Cikin ƙasar da aka kwashe, wajen mita kubik miliyan 75, kusan kashi uku cikin huɗu injunan nan ne suka kwashe. Ga kuma sa'a: ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, akwai tafkuna da kwazazzabai a kan hanya, ruwan sama bai dame su ba.

Ran 17 ga Nuwamba 1869 aka buɗe, jirgin Eugénie a gaba, Lesseps na ciki. Tsawon mashigin kilomita 164, ya fi nisan Yamai zuwa Doso, zurfinsa mita 8. Kuɗin da ya ci ya ninka abin da aka faɗa tun farko. Tafiyar Landan zuwa Bombay ta ragu da wajen kashi 40 cikin 100, tunda ba sai an kewaye Afirka ba. Jiragen tururi ne suka ci moriyar, don masu tafiya da iska ba sa iya bin siririyar hanya irin wannan da kansu. Kwana takwas bayan bikin, yana da shekara 64, ya auri yarinya ƴar shekara 21, suka haifi ƴaƴa goma sha biyu.

Masar fa? Bashi ya yi wa Isma'il katutu, a 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin ƙasarsa a kan fam miliyan 4. Ita Ingilar da ta yi ta zagin aikin. Bayan ƴan shekaru kashi 15 ɗin nan ma aka sayar. A 1882 sojan Ingila suka sauka ta cikin mashigin suka mamaye ƙasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da ya tsaya a nan, da Faransawa na yabonsa har gobe. Amma wanda duniya ta taɓa ce masa ba zai yiwu ba, ya kuma yi, da wuya ya sake sauraren kowa. Har shirin wani hafsan soja mai suna Roudaire ya goya wa baya, na jawo ruwan teku cikin hamadar Tunisiya da Aljeriya a yi tafki, abin da bai je ko'ina ba. Babban abin da ya sa a gaba shi ne Panama, wata siririyar ƙasa tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, wadda a lokacin tana cikin Kolombiya.

A taron da aka yi a Paris a 1879, wani injiniya, Godin de Lépinay, ya ba da shawarar a datse kogi a yi tafki a kan tudu, a sa ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi hawa-hawa kamar matakala. Lesseps ya ƙi. Shi dai a sare ƙasa har a kai daidai da teku, yadda aka yi a Suwez. Ya je ya ga wurin da idonsa, amma da rani ya je. Nisan bai kai rabin na Suwez ba, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A ɓangaren arewacin wurin, ruwan da kan sauka a shekara ya kai mita uku, ninki biyar ko fiye na abin da Maraɗi ke samu. Kogin Chagres kan cika ya tumbatsa cikin dare ɗaya. A tsaunin Culebra, abin da aka haƙa da rani, damina ta zo ta zabtaro ƙasa ta rufe shi, wani lokaci har da injunan.

Sai cuta. Shawara da masassarar cizon sauro suka yi ta kwasar mutane, kuma a lokacin ba a gano sauro ne ke yaɗa su ba. A gidajen likita na kamfanin har ƙafafun gado ake sawa cikin kwanonin ruwa don hana tururuwa hawa, ashe gidan haihuwa ake yi wa sauro a ƙarƙashin majinyaci. An ƙiyasta mutum wajen 22,000 suka mutu, akasarinsu baƙaƙen fata ƴan ci-rani daga Jamaika da tsibiran da ke kusa. A Paris kuwa jaridu na ta cewa aiki na tafiya daidai, saboda kamfanin na ba su na goro.

Sai a 1887 ya yarda da ƙofofin ruwan, aka ba Gustave Eiffel kwangila, shi mai dogon hasumiyar ƙarfen nan ta Paris. An makara. A watan Fabrairu 1889 kotu ta rusa kamfanin. Kuɗi fiye da faran miliyar ɗaya sun salwanta, kuma masu su wajen mutum 800,000 ne, yawancinsu ƙananan ƴan kasuwa, malaman lakkol, zawarawa, waɗanda suka zuba ajiyarsu don sun yarda da sunan tsohon. A 1892 asiri ya tonu cewa an raba toshiyar baki don majalisa ta ba da izinin ƙarin cin bashi, aka zargi ƴan majalisa fiye da 100. A watan Fabrairu 1893 aka yanke wa Lesseps da ɗansa Charles ɗaurin shekara biyar-biyar. Kotun ƙoli ta soke hukuncin daga baya, a kan cewa wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Charles ya ɗanɗana gidan kaso. Uban bai shiga ba, tsufa ya riga ya taɓa hankalinsa. Ya rasu ran 7 ga Disamba 1894 a gidan gonarsa, yana da shekara 89.

Amurkawa ne suka saye ragowar aikin a kan dala miliyan 40. Suka fara da yaƙar sauro, suka datse Chagres, suka gina ƙofofin ruwa, kusan yadda Lépinay ya faɗa tun farko, suka buɗe a 1914.

Sunansa ya sake fitowa a Masar ran 26 ga Yuli 1956. Nasser na jawabi a Iskandariya, ya yi ta maimaita sunan de Lesseps, jama'a ba su san dalili ba. Ashe alama ce da ya shirya da mutanensa da ke sauraren rediyo: da jin sunan, su shiga ofisoshin kamfanin su karɓe. Haka Masar ta ƙwace mashigin, saura shekara goma sha biyu wa'adin 99 ɗin ya cika. Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai mata yaƙi, duniya ta tilasta musu janyewa. A watan Disamba na shekarar, mutanen Bur Sa'id suka sa nakiya suka tumɓuke ƙaton mutum-mutuminsa da ke tsaye a bakin mashigin tun 1899. Dakalin dutsen da yake kai yana nan a wurin, ba kowa a samansa.