Alhasan Ɗantata, attajirin da ya ba mutane jari

Ya kai mai karatu, in kana zaune a Maraɗi, ko Tibiri, ko Jiratawa, ka san yadda ubangida yake ba baransa kuɗi ko haja ya yi ciniki. Wannan hanya ta daɗe a ƙasar Hausa. Ga tarihin wani da ya shahara da ita.

An haifi Alhasan Ɗantata a Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, fatake. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi. Daga nan ya samo sunansa. Da ya tasa, ya shiga fataucin goro daga Gwanja.

A 1912 jirgin ƙasa ya soma kai kaya daga Kano zuwa Ikko, kasuwar gujiya ta buɗe. A 1918 kamfanin Turawa na Niger Company ya nemi Alhasan ya riƙa sayo masa gujiya. Mutum ɗaya ba ya iya zagaye ƙauyuka. Saboda haka ya zaɓi mutanen da ya yarda da su, ya ba su kuɗi tun kaka ba ta yi ba. In damina ta yi kyau, kowa ya samu. In ta ɓaci, ko wakili ya ci amana, kuɗinsa ne cikin haɗari. Bai daina ba, dukiyarsa kuma ta bunƙasa. A 1929, da banki ya buɗe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955.

Alhazan Maraɗi da yawa ta wannan hanya suka tashi: kamfanonin Turawa sun ba su kuɗin sayen gujiya, su ma daga baya suka ba barorinsu jari.

A zamanin nan kamfanoni ma sun shiga wannan aiki. A Nijar an kafa Sinergi a 2006, domin zuba jari cikin ƙananan kamfanoni, a raba riba da hasara bisa yarjejeniya rubutacciya.

To, in kana neman jari, fara da riƙon amana. Rubuta abin da ka saya da abin da ka sayar, kowace rana. Mai jari yana duba halinka da littafinka kafin ya ba ka kuɗinsa.